Tambaya da Amsa: Riƙon Kasafin Laburaren Jami'a a Lokacin da Fam ɗin Sudan ke Karyewa

Wasiƙun wannan watan daga Sudan suka zo, daga 'yan'uwa masu aiki a laburaren jami'o'i da kwalejoji, da kuma masu karatun babban digiri. Ma'aikatan sashen saye da na taimakon masu bincike ne suka amsa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunayen makarantu.

TAMBAYA, daga Kassala: Assalamu alaikum, malamai. An ɗora mini riƙon laburaren kwalejinmu bayan mai riƙe da shi ya bar ƙasar saboda yaƙi. An ba ni mako uku in kawo kasafin baɗi. Na bana an amince da shi, amma kafin watan Yuni aka ce babu ko sisi, alhali rabin abin da aka rubuta ba a saya ba. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo. Kada ka rubuta ko lamba ɗaya ta baɗi sai ka gano inda kuɗin bana ya bi. Yawanci hanya biyu yake bi.

Ta farko, ofishin kuɗi yana rubuta abu ne ranar da ya biya, kai kuwa kuɗin ya bar hannunka tun ranar da ka sa hannu a oda, kuma tsakanin ranakun nan biyu ana iya yin wata uku. Don haka ka buɗe naka littafin, a takarda ko a Excel, ka ja gida huɗu ga kowane kai na kasafi: abin da aka ware, abin da aka ɗaure da oda, abin da aka biya, da abin da ya saura. Saura shi ne abin da aka ware bayan an cire na biyu da na uku. A ce an ware fam miliyan 10 don littattafai, an biya miliyan 3, akwai kuma odar miliyan 5 da dillali bai kawo takardar neman biyanta ba tukuna. Littafin akanta zai nuna saura miliyan 7, alhali ainihin saura miliyan 2 ne. Idan wani ya hango bakwai ɗin nan ya amince a sayi kujeru na miliyan 4, ranar da dillali ya iso sai a ba shi haƙuri, shi kuma ba zai sake ba ku kaya bashi ba. Duk ƙarshen wata ka ɗauki littafinka ka zauna da akanta ku gwada layi da layi. Odar da ta wuce kwana 90 ba a kawo kaya ba, ka tambayi dillali a rubuce. In babu kayan, ka soke ta, kuɗin ya koma gidan saura.

Hanya ta biyu ita ce canji. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Sudan ya mayar da farashin dala na hukuma daga fam 55 zuwa 375 a rana guda. Duk wanda ya rubuta wa rajistar mujallu (kuɗin da ake biya duk shekara don samun damar karanta su) ta dala 10,000 fam 550,000, ya wayi gari ana neman fam miliyan 3 da dubu 750 a wurinsa, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 abin ƙaruwa ya yi. Saboda haka duk abin da farashinsa ke bin dala, ka rubuta shi da dala a gida na daban, ka sa canjin da ka yi lissafi da shi da ranar da ka ɗauke shi. Ba rajistar mujallu kaɗai ba: tawadar firinta, batir, faifan ajiya, har takardar A4, duk shigo da su ake yi. Ka ƙara kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kan farashin rajista na bana, domin mawallafa na ƙara kuɗi kusan kowace shekara. Ka ware kashi 10 zuwa 15 na duk kasafin a matsayin kuɗin ko-ta-kwana, ka rubuta shi da sunansa, kada ka ɓoye shi cikin wasu layuka. In akanta ya gano ɓoyayyen kuɗi sau ɗaya, ba zai ƙara yarda da lissafinka ba. Kuma ranar da aka saki kuɗi, abin dala ake fara biya a cikin makon nan.

Albashi yana fasali na farko na kasafin, ba a hannunka yake ba. Inda za ka yi gardama shi ne kuɗin gudanarwa. A nan shawararmu ba za ta yi wa kowa daɗi ba: wuta da intanet su zo kafin sabon littafi. A yau mafi yawan abin da mai bincike zai karanta ta waya yake zuwa, babban ɓangarensa kuma kyauta ne a Sudan, kamar yadda za ka gani a amsa ta gaba. Laburaren da ke da sababbin littattafai ɗari amma ba shi da wuta, ba abin da zai yi wa ɗalibin digiri na uku. Ga lissafin ƙaramin ɗakin bincike. Laftof biyar a wat 60 kowace, wat 300 ke nan. Babbar kwamfutar ajiya wat 100, rauta mai raba intanet wat 15, fanka da fitilu wat 150. Jimla wat 565. A awa takwas, kusan kilowat-awa 4.5 a yini. Idan ka ɗauki awa biyar na cikakkiyar rana, ka cire rubu'i saboda asarar zafi da ƙura da inbata, kana buƙatar kusan wat 1,200 na sola, wato faranti uku masu wat 450. A wanke farantan duk mako, da kuma bayan kowace guguwar ƙura ta habub. Batir na ruwa kada a sha fiye da rabinsa, kada kuma a ajiye shi a ɗaki mai zafi, in ba haka ba baɗi za ka sake sayensa. Bayan wuta da intanet sai ajiyar bayanai da horar da ma'aikata, sai rajistar da aka tabbatar ana amfani da ita, sai littattafan da ke cikin jerin karatun kwasa-kwasai. Kujeru da labule su ne na ƙarshe.

Abin da za ka kai wa wakilin kwalejin, wato jami'in da ke kula da kuɗi da gudanarwa, kada ya wuce shafi ɗaya, sauran bayani a liƙa a baya. Ka rubuta masa hali uku: in an ba da duka, in an ba da kashi 70, in an ba da rabi. A ƙarƙashin kowanne ka faɗi aikin da zai tsaya, da sashen da abin zai shafa. Idan ba kai ka faɗi abin da za a yanke ba, wanda bai san aikin ba ne zai yanke maka.

TAMBAYA, daga Gadarif: An ce in rage kashi 30 daga kuɗin mujallu da rumbunan bayanai. Kowane shugaban sashe cewa yake nasa ba ya taɓuwa, ni kuma ƙaramar ma'aikaciya ce a gabansu. Yaya zan yi?

AMSA: Malama, ba ke za ki yi musu da su ba, alƙaluma za ki ajiye a gabansu. Manyan mawallafa suna ba da rahoton amfani bisa COUNTER, wato ƙa'idar ƙirga yawan karatun mujallu a intanet, ana sauke shi daga shafin mai kula da asusun laburare. Ki nemi rahoton TR_J1, wanda ke nuna yawan karatun kowace mujalla a layi biyu, ki ɗauki layin Unique_Item_Requests, domin ɗaya layin yakan ƙirga maƙala guda sau biyu idan mutum ya buɗe ta a shafi sannan ya sauke ta. Ki raba kuɗin shekara da wannan adadi. A ce mujalla ta farko dala 4,000 ce, an karanta maƙalunta sau 2,000: dala 2 ke nan kowane karatu. Ta biyu dala 1,500 ce, an karanta sau 30: dala 50. Mai arhar ce ke cinye muku kuɗi.

Amma ki yi hattara da abu biyu. Alƙaluman 2023 zuwa yau yaƙi ya hargitsa su, an rufe makarantu, intanet ya yi ta yankewa, don haka ki haɗa da na 2021 da 2022 kafin ki ce ba a karanta wata mujalla. Sannan sashe mai malamai huɗu ba zai taɓa kamo kwalejin likitanci a yawan karatu ba. A gwada kowace mujalla da 'yan'uwanta na fanni ɗaya. Rahoton TR_J4 kuma zai nuna miki shekarun da aka buga maƙalun da ake karantawa. Idan tsofaffi ne mafi yawa, mai yiwuwa ba kwa buƙatar sabuntawa, matuƙar yarjejeniyarku ta ce abin da kuka biya a baya naku ne har bayan sokewa. Ki nemo wannan sharaɗin ki karanta da idonki. Ki duba kuma wa'adin sanarwar sokewa: rajista yawanci a Janairu take farawa, wasu yarjejeniyoyin kuma suna sabunta kansu idan ba a rubuta musu ba wata biyu ko uku kafin nan.

Kafin duk wannan ma, ki gwada jerinku da Research4Life. Shiri ne da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallu da littattafan bincike a intanet, yana da rassa biyar: Hinari na lafiya ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2002, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na kimiyya da ƙirƙira, da GOALI na shari'a. Sudan tana rukunin A, wanda ba ya biyan komai. 'Yan rukunin B su ne ke biyan dala 1,500 a shekara. Cibiya ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, kuma ga shugaban cibiyar da mai laburare ake aika bayanan shiga. Sau da yawa an taɓa yin rajistar, sai wanda ke riƙe da kalmar sirrin ya tafi da ita, don haka ki fara duba jerin cibiyoyin da suka yi rajista a shafinsu. Ki shiga ki gwada mujalla bayan mujalla, ki buɗe maƙala ta bana ki ga ta buɗe, domin kowane mawallafi shi ke zaɓar ƙasashen da zai buɗe wa kayansa. Duk wadda ta buɗe a can, babu dalilin biyan dala a kanta. Abin da ke jawo a rufe asusun kuwa sananne ne: a watsa kalmar sirri a zauren WhatsApp ko a Facebook, ko wani ya sauke mujalla sukutum, alhali sharaɗin bai yarda a wuce kashi 15 na fitowa ɗaya ko na littafi ɗaya ba. Malamanku da suka yi hijira zuwa Masar ko Saudiyya, ki rubuta wa masu kula da shirin ki bayyana halin da ake ciki kafin ki ba su kalmar.

Daga nan sai ki aika wa shugabannin sashe jerin abin da za a soke, da lissafin kowanne a gefensa, da wa'adin mako biyu. Duk mai son ceto wata mujalla ya kawo sunan wata daga sashensa mai irin kuɗinta a soke. Takardar ta fita da sa hannun shugaban kwamitin laburare.

TAMBAYA, daga Port Sudan: Ina digiri na uku, sai na wallafa maƙala kafin in kare kundi. Mujallar da nake so ta ce dala 1,800. Wata kuma ta aiko mini imel, ta ce za ta buga cikin kwana bakwai a dala 150. Laburare zai iya biya mini?

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka biya ko ɗaya tukuna. Ta kwana bakwai ɗin nan ka rabu da ita. Bitar masana tana cin makonni, sau da yawa watanni, kuma maƙalar da ta fito a irin wannan wuri ba ta janyuwa cikin sauƙi, mujalla ta gari kuma ba za ta karɓi abin da aka riga aka buga ba. Ga yadda ake bincike cikin rabin awa. Ka ɗauki lambar shaidar mujallar, wato ISSN mai lambobi takwas, ka nema a shafin hukumar ISSN, ka ga ko sunan ya yi daidai. Ka nemi mujallar a DOAJ, wato jerin tantancattun mujallun da ake karantawa kyauta, ko a jerin mujallun rumbun bayanai na Scopus, wanda duba shi kyauta ne. Ka bi adireshin da ke cikin jerin, kada ka bi wanda ke cikin imel ɗin, domin akwai masu satar sunan mujalla ta gaske su buɗe shafi na bogi. Ka zaɓi mutum biyu daga editocin da aka lissafa ka duba ko shafukansu na jami'a sun ambaci mujallar.

Ta dala 1,800 kuwa, da rashin tayi akan bar arha. Manyan mawallafa da yawa suna yafe kuɗin wallafa gaba ɗaya ga marubucin da ke ƙasar rukunin A na Research4Life. Inda ake yin kuskure shi ne lokaci da adireshi. Ana neman yafiyar ne lokacin miƙa maƙala, kafin a karɓe ta, kuma adireshin marubucin da ke musayar wasiƙa da mujallar ake dubawa. Idan ka sa abokin aikinka na Riyad a wannan matsayi, ko ka rubuta adireshin inda kake gudun hijira maimakon jami'arka, yafiyar na iya kuɓucewa. Ka lura kuma ko mujallar tana da hanya biyu. Da yawa suna buga maƙala ba tare da karɓar komai ba idan ba ka zaɓi a buɗe ta ga kowa ba.

Ga masu riƙe da laburare: ba mu goyon bayan buɗe asusun biyan kuɗin wallafa a ƙaramin kasafi. Maƙala uku sun isa su cinye shi, kuma masu kusanci da ofis ne za su riga kowa. Kuɗin ya fi amfani idan aka horar da ma'aikaci ɗaya ya riƙa zama da ɗalibai: ya buɗe musu ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, ya koya musu manhajar Zotero don tsara manazarta, ya duba musu mujalla kafin su miƙa.

TAMBAYA, daga Wad Madani: Kundayen digirinmu kwafi ɗaya-ɗaya ne a kanta. Wasu sun salwanta, wasu sun tsira. Muna son mayar da su cikin kwamfuta amma kuɗin kaɗan ne.

AMSA: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ku fara da abin da ba ya cin ko fam ɗaya. Ku nemi majalisar karatun babban digiri ta zartar cewa daga yau ba a sallamar ɗalibi sai ya miƙa kundinsa a PDF tare da takardar izinin sanyawa a intanet, mai ɗauke da zaɓin jinkirta buɗewa na shekara ɗaya ko biyu ga mai shirin wallafawa. Sannan ku yi shela ga tsofaffin ɗalibai da malaman da suka duba su. Kundayen da aka rubuta cikin shekara goma sha biyar da suka wuce, da yawansu suna nan a imel ko a filashin wani, kuma fayil na asali ya fi hoton sikana kyau nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage shi za a ɗauka da sikana. A ɗauka a ɗigo 300 a kowane inci, da launin toka, sai shafi mai taswira ko hoto a ɗauke shi da kala. Shafin A4 ɗaya a tsarin hoto na TIFF marar matsi yana kai kusan megabait 9. Kundi mai shafi 200 kusan gigabait 1.7 ke nan, kundi dubu kuma terabait 1.7. Wannan shi ne kwafin asali da ake ajiyewa. Wanda za a ba masu karatu PDF ne da aka matse. A sikanar da ake kifa littafi a kai, kundi ɗaya yana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka kada ku sa wa ma'aikaci fiye da huɗu a yini a lissafinku. Ku fara da na digiri na uku, da waɗanda suka tattara bayanai daga fili, irin na aikin noman Jazira ko cututtukan yankin, domin su ne ba za a iya maimaitawa ba. Kowane fayil a ba shi suna iri ɗaya: shekara, sashe, lamba. A rubuta bayanansa a take cikin shafin lissafi: marubuci, take da Larabci da Turanci, mai dubawa, shekara, taƙaitawa. Aikin da ya fi lalacewa shi ne wanda aka tara fayil dubu masu suna irin na sikana aka ce za a gyara daga baya.

DSpace ita ce manhajar ajiye kundaye a intanet da aka fi sani a ƙasar, a kanta Jami'ar Khartum da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan suka gina ma'ajiyarsu, kuma kyauta ce. Sai dai tana son kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 8 ko fiye, da mutumin da zai riƙa sabunta ta. In ba ku da shi yanzu, ku buɗe zauren makarantarku a Zenodo, ma'ajiyar da cibiyar CERN ke gudanarwa: kyauta ce, tana ba kowane kundi lambar DOI, wato lambar shaidarsa ta dindindin a intanet, tana karɓar har gigabait 50 a shigarwa ɗaya. Ko wace hanya kuka bi, kwafi uku za ku riƙe, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wajen garin, in da hali a wajen ƙasar. Faifan da ke aljihun teburin da kwamfutar take kai, tare da ita za a ɗauke shi. Duk wata uku a ɗauko fayil goma daga kwafin ajiya a buɗe a ga suna buɗewa.

TAMBAYA, daga Maiwurno: Mahaifinmu malami ne, ya rasu ya bar kwali arba'in na littattafai. Muna son ba wa laburaren wata kwaleji sadaka, sai suka ce sai sun duba. Wannan ba raini ba ne?

AMSA: Allah ya jiƙan Malam, ya sa ta zama sadaka mai gudana. Ba raini ba ne, Alhaji. Kowane littafi sai an shigar da shi kundin laburare, an ba shi lamba, an samo masa gurbi a kanta, duk kuwa aiki ne da kuɗi. Akwai kuma gara da kwari: kwali ɗaya mai gara ya isa ya ɓata ɗaki. Ku sauƙaƙa musu. Ku rubuta jerin sunayen littattafan, ko ku ɗauki hoton bayansu a jere ku aika. Ku yarda a rubuce cewa wanda suke da irinsa za su iya miƙa shi ga wata makaranta ko masallaci. Su kuma su killace kwalayen mako biyu zuwa huɗu a ɗaki na daban, a kan benci, nesa da bango.

Rubutun hannu ku ware shi tun a gida, na Larabci da na ajami, har da wasiƙu da takardun ijaza. Kada a sa musu salatif ko gam, kada a shanya su a rana, kada a sauya jerin warƙoƙin. A bar kowane a cikin gafakarsa, a ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya kafin ya bar gidan, iyali su riƙe kwafin hotunan, a kuma rubuta takarda mai sa hannun ɓangarorin biyu da ke faɗin ko kyauta ce ko ajiya.